Shawarar da ta Shiga Diffa a 2017

Mai karatu, ka san shawara. Ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja, jiki ya mutu. To, shawara iri-iri ce. Ga labarin wadda ta shiga jihar Diffa.

Rikicin Boko Haram ya kori dubban mutane daga garuruwan bakin kogin Komadugu. A ƙarshen 2014 aka buɗe sansanin Sayam Forage domin 'yan gudun hijira daga Nijeriya. Amma sansani ɗaya ba ya ɗaukar kowa. Da yawa suka kafa bukkoki a bakin babbar hanya, musamman bayan harin Bosso na watan Yuni 2016. Mutane suka yi yawa, ruwa ya yi kaɗan, masai kuwa ba su isa ba.

A watan Janairu 2017 ma'aikatan asibitin mata da yara na garin Diffa suka ga abin da ya tayar musu da hankali. Ana ta kawo mata masu ciki da zazzaɓi da amai, idanunsu rawaya. Wasu sukan fita hayyacinsu, daga nan sai mutuwa.

Ka duba halin da likita ke ciki a irin wannan rana. Ga mara lafiya a gabansa, amma bai san sunan cutar ba. Wanda bai san suna ba, ta ina zai tare hanya? Da fari an zaci zazzaɓin shawara ne, wanda sauro ke kawowa. Sai aka ɗebi jini aka aika Dakar ta ƙasar Sanigal, wurin masu bincike na Institut Pasteur. Amsa ta dawo: ciwon hanta ne, irin wanda ake kira E. Ran 19 ga Afrilu 2017 ministan lafiya na Nijar ya sanar da ɓarkewar cutar. Zuwa 3 ga Mayu an ƙidaya mutum 282 da ake zaton sun kamu, 27 sun rasu. Kusan dukansu mata ne masu ciki.

Rashin sani ya fi dare duhu. Da aka san sunan cutar, sai aka san hanyarta. Ba sauro ba ne, ba iska ba ce, ba sammu ba ne. Kashin mai cutar ne ke shiga ruwan sha. Wanda ya sha yakan yi mako 2 har zuwa 10 kafin ya ji ciwo. Yawancin mutane sukan warke. Amma ga mace mai tsohon ciki, cikin biyar ɗaya na iya rasuwa.

Daga nan tsoro ya koma aiki. Ma'aikatan lafiya na gwamnati da ƙungiyar likitoci ta MSF suka shiga zuba maganin kulorin a ruwa. Aka wanke jarkoki, aka raba sabulu, aka bi unguwa-unguwa ana faɗakarwa.

To, kai ma kana da naka aikin. Ka rufe randa. Ka wanke hannu da sabulu bayan ka zaga. In matarka na da ciki, idonta ya canja, kada ka tsaya jiƙa sassaƙe har kwana uku. Kai ta asibiti a ranar. In ka karanta wannan, karanta wa maƙwabcinka.