Yadda ake shirya lambun haɗin gwiwa a Kudu kafin ruwa ya sauka

Lambun haɗin gwiwa fili ne da 'yan unguwa ko 'yan zango ke haɗuwa su noma kayan miya, kowa da yankinsa amma shinge ɗaya. An fi ganin amfaninsa daga Mayu zuwa Yuli, lokacin da noman rani ya ƙare a Arewa, kayan miya suka yi tsada a kasuwanni irin su Mile 12 a Legas da Bodija a Ibadan. Sai dai noman Kudu ba irin na gida ba ne. Can ruwa ake nema, nan kuwa ruwa ake yi wa hanya.

Lokaci
A Legas, Ibadan, Abeokuta da Anacha ruwa kan fara sauka a Maris ko Afrilu, tun Kano na cikin zafin bazara. To ka ga Janairu da Fabrairu su ne watannin shiri. Wanda ya bi lissafin gida, damina za ta riske shi bai ɗaga fartanya ba.

Fili
Kada a sari ƙasa sai an zauna da mai filin ko baalen unguwa. A rubuta wata nawa za a yi da abin da za a ba shi, Sarkin Hausawa ya shaida. Ba ƙaramin takaici ba ne ganye ya kai yanka a zo da bulo a ce gini za a fara. A zaɓi inda rana ke samu aƙalla awa 6, nesa da magudanar ƙazanta da ruwan mayanka, don wannan ganyen cikin yaranmu zai shiga.

Kunya
A fadamar Arewa fangali ake yi ya riƙe ruwa. Nan in ka yi haka saiwa ruɓewa za ta yi. A ɗaga kunya kamar santimita 20, faɗinta mita 1, a bar kwari tsakani ruwa ya wuce. Ƙasar Kudu da yawa tana da tsami, ɗan tokar murhu na gyara ta.

Taki
Wannan kam muna da shi a kara. Amma ɗanyen kashin shanu yana ƙona shuka, ga irin ciyawa da yake kawowa. A tara shi da busasshen ganye, a yayyafa ruwa, a rufe, a riƙa juyawa duk mako 2. Bayan kamar wata 2, in ya yi baƙi, ya huce, yana ƙanshin ƙasa, ya nuna ke nan.

Abin shukawa
Alayyafo, wanda Yarbawa ke kira tete: a gauraya irin da yashi a watsa, mako 3 zuwa 4 an fara ci.
Lalo, wato ewedu: a tsoma irin a ruwan zafi na 'yan daƙiƙu kafin shuka, ya fi saurin tsirowa.
Kuɓewa: tana fara 'ya'ya cikin kamar wata 2.
Ugu: sai an kafa masa sanduna ya hau.
Attaruhu da tattasai: a rene su mako 5 zuwa 6 kafin dashe.
Tumatir ba ya son yawan ruwa, cuta ke cinye shi, don haka kada a zuba masa duk jari.

Tsari
A kafa shinge kafin iri ya shiga ƙasa, domin akuya ba ta san na wane ne ba. A naɗa mutum ɗaya ya riƙe kuɗin karo-karo da littafi, a raba ranakun cire ciyawa. In ruwa ya ɗan tsaya a Agusta, a gyara kunyoyi a ƙara taki, ruwan Satumba ya isa a sake shuka alayyafo da lalo.