Yadda Ake Gina Tanderun Bulo Na Gasa Fiza A Bayan Gida

Tun da aka ga hoton tanderun da na gina a bayan gidanmu a Agege mutane ke tambayata yadda aka yi shi, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya samu. Ni ba birkila ba ne. Sau biyu na gina, na farkon ya tsage ya ci mini kuɗi, na biyun shi ne yake aiki har yau.

Fiza dai abincin mutanen Italiya ne, asalinta birnin Nafoli. Ƙullin fulawa ne da yis ake faɗaɗa shi kamar gurasa, a shafa tumatir, a zuba cuku, a gasa. A can tanderun itace suke amfani da shi mai zafin da ya wuce digiri 430, fiza ɗaya ba ta wuce daƙiƙa 60 zuwa 90 ta gasu. A 2017 UNESCO ta sa wannan sana'a tasu cikin al'adun duniya da ake karewa. Shi kansa tanderun ya girmi fizar nesa ba kusa ba, domin an tono irinsa a garin Fomfei da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79. Mu nan Legas sai da Domino's suka buɗe a 2012 yaranmu suka san ta sosai. Abin da ya sa ni ginawa shi ne a gida ana ɗar-ɗar da naman da ake ɗorawa a ta kanti, mu kuwa nama ba ya yanke mana tunda Baba a kara yake.

Kafin ka sayi bulo ko ɗaya, ka fahimci abu guda: ba harshen wuta kaɗai ke gasa abinci a wannan tanderu ba, zafin da bulo ya sha ya riƙe ne. Daɓen yana gasa ƙasan fizar, ƙubbar tana maido da zafi ta sama. Saboda haka duk abin da zai sace zafin nan, ko ya sa ruwa cikin bulon, shi ne abokin gabarka.

Wuri da dakali

In haya kake, fara da mai gida. Tanderun nan nauyinsa ya fi tan ɗaya, ba a ɗaukarsa ranar tashi, kuma hayaƙi na iya haɗa ka faɗa da maƙwabta. Ka zaɓi fili a waje, nesa da taga, da janareto, da wurin ajiye fetur ko tukunyar gas. Kada a gina shi a rufaffen ɗaki, hayaƙin garwashi yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Dakalin da bulon siminti na gini ake yinsa, faɗi kamar mita 1.4, tsawo 1.6, a bar rami a ƙasa don ajiye itace. A samansa a zuba kankare da rodi mai kaurin santimita 10. Ka auna yadda daɓen gashin zai zo daidai gwiwar hannunka, in ba haka ba bayanka zai gaya maka. Aikin bulon siminti ya ƙare a nan. Ko kusa kada ya shiga inda wuta za ta taɓa, siminti ba ya jure irin wannan zafin, farfashewa yake yi.

Abin da ake shimfiɗawa a ƙasa

Nan ne yawancin mutane ke yin asara, ni ma a nan na fara. A tanderuna na farko kai tsaye na jera bulo a kan kankare. Sai in ƙona itace rungume guda, sama ta yi zafi har cuku ya ƙone, ƙasan fizar kuwa fari fat, ɗanye. Kankaren ne yake shanye zafin. Dole a sa abin da zai raba su, mai kaurin aƙalla santimita 10. Masu hali suna sayen wani farin tsakuwa marar nauyi da ake kira falayit, su kwaɓa awo biyar da awo ɗaya na siminti. Ni kwalaben lemo na jera a kwance, na bar ɗan tsakani, na cike da yumɓu da aka kwaɓa da garin katako daga wurin masu yankan katako. Iskar da ke cikin kwalaben ita ke tare zafin. A kai sai a baza yashi mai laushi, a daidaita.

Daɓen da bulon wuta ake yinsa, irin wanda masu gidan burodi ke sa wa tanderunsu. Su za ka tambaya inda suke saye. A jera shi a matse ba tare da kwaɓi ba, kuma a karkace, don kada bakin faranti ya riƙa tuntuɓe da gaɓar bulo. In ɗaya ya lalace nan gaba, cire shi kawai za ka yi ka sa wani.

Ƙubba da ƙofa

Nawa faɗin cikinsa santimita 90 ne, tsayin ƙubba daga daɓe 42. Ya ishi gida, yana ɗaukar fiza biyu da wuta a gefe. Jan bulo da ya gasu da kyau yana yin ƙubba in bulon wuta ya yi tsada. Ka ƙwanƙwasa biyu, in ka ji ƙara kamar ƙarfe ya gasu, in ka ji dum ka bar shi. Ni kusan guda 180 na ci har da daɓe, ana raba kowanne biyu.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka tara jiƙaƙƙen yashi a kan daɓen, ka siffanta shi kamar kifaffiyar ƙwarya, ka lulluɓe da jiƙaƙƙiyar jarida, sannan ka riƙa jera bulo zagaye-zagaye a jikinsa, kowane layi yana ɗan karkata ciki, gaɓa ba ta hau kan gaɓa ba. Na ƙarshe a tsakiya a sassaƙa shi ya shiga da ƙyar, shi ke ɗaure sauran. Kwaɓin kuma yashi awo uku, yumɓu ɗaya, farar ƙasa ɗaya, siminti ɗaya. Bayan kwana uku ko huɗu sai a kwashe yashin ta ƙofa.

To ƙofar nan, a kula. Tsayinta ya zama kashi 63 cikin 100 na tsayin ƙubba, wato a nawa santimita 26 zuwa 27. In ta yi tsawo zafi zai gudu, in ta yi gajarta wuta ba za ta sha iska ba, sai hayaƙi. Birkilan da ya taya ni ya dage sai mun huda bututun hayaƙi a tsakiyar ƙubba, wai haka hankali ya nuna. Na ƙi. Bututun a gaban ƙofa yake zama, a kan wata 'yar baka ta biyu, yadda iska za ta shiga ta ƙasa, wuta ta zagaye ƙubbar, sannan hayaƙi ya fito ta saman ƙofa ya hau. Bayan ƙubba ta tsaya sai a lulluɓe ta da yumɓu da garin katako ko ɓuntun shinkafa, shi ma santimita 10.

Ruwa

Wanda ya taso a Arewa ya saba laka ta bushe cikin kwana biyu. Nan Kudu ba haka ba ne. Na farkon a watan Yuni na gina shi, ruwa ba dare ba rana, kwana huɗu da gamawa na cika shi da itace don ina ɗokin nuna wa abokai. Ruwan da ke cikin ginin ya zama tururi, muna zaune muka ji ƙara, tsaga ta tashi daga ƙofa har ƙeya, yatsa na shiga. Baba bai ce komai ba, tambayata kawai ya yi nawa na kashe.

Ka yi gininka tsakanin Disamba da Fabrairu. Ka bar shi mako guda aƙalla yana shan iska, sannan ka fara da 'yar wutar takarda da ƙirare, gobe ka ɗan ƙara, jibi haka, har kwana bakwai kafin babbar wuta. Sai bayan nan za a yi filasta ta waje, in ka riga ka shafe tururin ba shi da hanyar fita. 'Yar siririyar tsaga kamar gashi ba komai ba ce, kowane tanderu yana yi. Kuma ka kafa masa rumfar kwano, bututun ya fita ta sama da hularsa, ba ya taɓa katako. Tanderun da ya kwana cikin ruwan Yuli sai ka sake busar da shi daga farko.

Wuta da gashi

Busasshen itace mai nauyi ake so, ni na mangwaro na fi samu. Ban da katako mai fenti, ban da guntayen kujeru da aka sa wa magani, ban da roba ko kananzir, duk a cikin abincinka za su ƙare. Da farko ƙubbar za ta yi baƙi da kunkuniya. Bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu za ka ga baƙin ya washe bulo ya koma fari, to ya kai. Ture garwashin gefe, share daɓen, watsa ɗan garin fulawa. In ya ƙone nan take, dakata kaɗan.

Naman da za ka ɗora a yanka shi siriri ko a fara soya shi, minti biyu ba sa gasa tsoka. Cukun Fulani da ake kira wara a nan na gwada, yana da daɗi amma ba ya narkewa ya ja, sai an haɗa da mozarela. In an gama fiza kada a bar zafin ya tafi a banza: kwashe garwashi, rufe ƙofa da murfin ƙarfe ko katako mai kauri da aka jiƙa, bayan kamar awa ɗaya a sa burodi. Da dare Inna takan tura tukunyar ƙarfe da ƙafar saniya, da asuba a tarar ta yi luguf, sauran ɗumin kuma a busar da barkono.