Kakaki, Algaita da Ishiriniya: Kayan da Ayari Ya Sauke a Barno da Kano

'Yan'uwa masu karatu, musamman mu Hausawa mazauna Yerwa, na Fezzan da Hausari da Zango da Gwange. Yau ina so mu ɗan koma baya kamar shekara ɗari biyar zuwa ɗari bakwai, mu duba inda kaɗe-kaɗen fada da waƙoƙin bege da muke ji a garin nan suka samo asali. Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne maganganu biyu da nake yawan ji a bakin samari sa'o'ina. Wasu na cewa algaita ta Barebari ce, kakaki na Hausawa ne, kowa ya riƙe nasa. Wasu kuma na cewa duk wani abu mai amo, har da bege, sabon abu ne da aka shigo da shi jiya-jiya. Tarihi bai goyi bayan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Bari mu fara da sunan unguwarmu. Fezzan yanki ne a kudancin Libya, kuma an sa wa unguwar wannan suna ne saboda fataken can da suka zauna a nan bayan an kafa Yerwa a 1907. Amma dangantakar ta girmi Yerwa nesa ba kusa ba. A ƙarni na 13, zamanin Mai Dunama Dibalemi, ikon Kanem ya kai har Fezzan, wakilin Mai yana zaune a garin Taraghan. Mutanen Kanem sun kafa wa ɗalibansu da alhazansu makaranta a Alƙahira a shekarun 1240, kuma Ibn Khaldun ya kawo labarin raƙumin dawa da sarkin Kanem ya aika wa sarkin Tunis a 1257. Hanyar da ta taso daga Tarabulus ta ratsa Fezzan da Kawar da Bilma ta sauka Tafkin Cadi ita ce jijiyar wannan hulɗa. Ni ɗan fatake ne, kuma duk wanda ya tashi a gidan fatauci ya san ayari ba haja kaɗai yake ɗaukowa ba. Akwai malami a ciki da gafakarsa, akwai mabushi da kayan busarsa, akwai bawa da waƙar garinsu a bakinsa.

To, mu ɗauki ɓangaren fada tukuna. A ƙasashen Musulmi na wancan zamani, daga Masar har Maroko, tambura da dogayen ƙahonin busa alamar mulki ne, ba kowa ke da izinin a buga masa ba. Da Ibn Battuta ya je Mali a 1352 ya tarar da irin wannan tsari a fadar Mansa Sulaiman: ganguna da ƙahoni suna rakiyar sarki, ranar Idi kuma mawaƙa su tsaya gabansa suna tuna masa ayyukan magabatansa. Ka ga ke nan tun a lokacin an riga an haɗa Sallah da kiɗan sarauta a wuri guda.

A wajenmu, littafin Tarihin Kano ya ajiye mana labarai biyu masu muhimmanci. Na farko, a zamanin Sarki Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438, wani ɗan sarauta mai suna Dagaci ya zo Kano daga Barno da jama'a masu yawa da malamai, tare da dawaki da tambura da kayan busa da tutoci. Mai karatu ya lura da kyau: malamai da makaɗa a tafiya ɗaya suka iso. Na biyu, littafin ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya fara a Kano, tare da figini da Kasuwar Kurmi da gidan sarautar da har yau ake kira Gidan Rumfa. A daidai wannan lokaci ne kuma Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Ngazargamu wajen shekarun 1470. Wato fadojin biyu sun girma tare, suna kallon juna, suna aron juna.

Sunayen kayan kansu shaida ne. Algaita daga kalmar da mutanen Magrib ke kiran wannan abin busa ta fito, wato gaita, Barebari kuma suka ce alita. Kalmar ganga kuwa za ka same ta a bakin Bahaushe da Babarbare da Bazabarme, har da wasu makaɗan Maroko da Aljeriya. Buzaye kuma suna kiran tamburan sarkinsu ettebel, daga ɗabal na Larabci, kalmar da a wajensu take nufin ganga kuma take nufin mulkin kansa. Da Turawan nan Denham da Clapperton suka iso Kukawa a 1823 ta hanyar Murzuk da Bilma, Denham ya rubuta labarin dogayen ƙahonin katako da ake busa wa Mai, ya ce abu ne da aka keɓe wa sarauta. Daga ƙasar Hausa kuma kakaki ya gangara Nufe da Ilori da fadojin Yarabawa, da sunansa na Hausa bai sauya ba. To, wa zai ce nasa ne shi kaɗai?

Yanzu mu juya ɓangaren bege. Ishiriniyar da muke rerawa a watan Maulidi, wani malamin Andalus ne ya tsara ta, Abdurrahman Alfazazi, wanda ya rasu a 1230. An kira ta Ishiriniya ne domin kowane harafi na Larabci an ba shi baiti 20. Abin da akasarinmu muka haddace a makarantun dare shi ne tahamisin da Ibn Mahib ya yi mata. Burda ta Imam Busiri ce, mutumin Masar da ya rasu a ƙarshen ƙarni na 13. Dala'ilul Khairati kuma na Imam Jazuli ne na Maroko, wanda ya rasu a 1465, shekara biyu bayan Rumfa ya hau gadon sarauta. Duka ukun ta hanyoyin Sahara suka shigo mana, hanyoyin da Shehu Magili ya biyo ya zo Kano a shekarun 1490 ya rubuta wa Rumfa nasiha kan tafiyar da mulki.

Abin sha'awa a nan shi ne, baitocin sun zo a rubuce, amma karin muryar a baka yake tafiya. Shi ya sa idan ka saurari almajirin tsangayar Barno yana jan Ishiriniya, sannan ka saurari na Kano ko Zariya, za ka ji kalma ɗaya ce amma kowa da irin lanƙwasarsa. Kowace ƙasa ta zuba baitocin a cikin muryar da ta saba da ita. Daga baya malamanmu suka ɗauki ma'aunan waƙar Larabci suka yi bege da wa'azi da Hausa, tun daga mutanen jihadi har zuwa Imfirajin Aliyu Namangi na Zariya. Bandirin da 'yan Ƙadiriyya ke bugawa shi ma ɗan Arewacin Afirka ne, Shehu Nasiru Kabara ya yaɗa shi daga Kano a ƙarni na 20.

Kada mai karatu ya ɗauka kaya daga arewa kawai suke gangarowa. Mu ma namu ya haura, sai dai ta hanya mai ɗaci. Bayin da aka kora ta Fezzan sun tafi da bori da kiɗansa. Wani Bature, Tremearne, ya tarar da Hausawa na yin bori a Tunis da Tarabulus, ya fitar da littafi a kansu a 1914. Kiɗan da ake kira sitambeli a Tunisiya yana ɗauke da kalmomin Hausa da Barbarci, kuma ɗaya daga cikin gidajen masu yin sa a birnin Tunis sunansa Dar Barnu, wato Gidan Barno. A can ɗin ma an gauraya: sukan buɗe da yabon Annabi da waliyyai kafin su shiga waƙoƙin iskoki.

Wannan gauraye ita ce ta daɗe tana damun malamai, kuma ba yau aka fara muhawarar ba. A Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki sarakunan Haɓe kan shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana, amma ya bar ƙofa a buɗe ga tambarin da ake bugawa don tara runduna ko sanar da jama'a wani abu mai amfani. Wato abin da ya duba shi ne manufa. Bayan jihadin 1804 kuma kakaki da tambari ba su bar fadoji ba. Har a wasu masarautun aka riƙe al'adar busa a ƙofar fada daren Juma'a, ranar ibada ta zama ranar kiɗan sarki. Duk wanda zai yi hukunci a kan wannan, hakkinsa ne ya bi malaminsa, amma ya san cewa magabata sun tattauna batun da ilimi, ba da zagi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, tun da karin muryar ba a takarda yake ba, mutuwar mai shi ita ce mutuwarsa. Rikicin da ya faro a garin nan a 2009 ya kawo shekarun dokar hana fita, zaman dare ya yi ƙaranci, yara da yawa suka tashi ba su zauna gaban masu jan Ishiriniya ba. Ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumbar 2024, wadda ta shiga har fadar Shehu da Kasuwar Monday, ta lalata kaset-kaset ɗin bege da mahaifina ya tara tun yana fatauci tsakanin Kano da nan, kuma na san ba gidanmu kaɗai ba ne.

Don haka ga shawarata. Kusan kowannenmu na da waya a aljihu. Idan akwai dattijo a gidanku ko masallacinku da ya iya jan Ishiriniya ko Burda da tsohuwar murya, ka nemi izininsa ka ɗauka, ka tambaye shi wajen wa ya koya, a wane gari. Idan ka san mabushin algaita ko kakaki, Bahaushe ne ko Babarbare, ka tambaye shi sunayen taken da yake busawa da ma'anarsu. Mu da ake kira baƙi a Barno mun fi kowa buƙatar wannan tarihi, domin yana nuna cewa tun zamanin Dagaci ake kai da kawowa tsakaninmu da masu masaukinmu.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya zaunar mana da Barno lafiya. Wassalam.