Ganin Allah Kafin Tashin Matattu: Nazarin Taƙaddamar Avignon, 1331–1336

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci saɓanin da ya ɓarke a Cocin Katolika a ƙarni na 14 kan lokacin da rayukan tsarkaka ke fara ganin Allah. Ta bi wa'azozin Paparoma Yohanna na 22 da hukuncin da magajinsa ya yanke a 1336, ta kuma nuna cewa hukuncin ya warware batun lokaci, amma ya bar tambayar da ta fi nauyi a buɗe: in rai ya riga ya samu cikakkiyar ni'ima, me tashin jiki zai ƙara masa?

Gabatarwa

Sabon Alkawari yana magana kan makomar mai bi ta fuska biyu. A Luka 23 Yesu ya yi wa ɓarawon da aka gicciye tare da shi alkawarin Firdausi a wannan rana, haka kuma a Filibiyawa 1 Bulus ya ɗauki mutuwa a matsayin tafiya wurin Almasihu. Amma a 1 Korintiyawa 15 da 1 Tasalonikawa 4 Bulus ɗin ya ɗora begen mai bi kacokan a kan tashin matattu a ranar dawowar Ubangiji. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kabari wajen jana'izar Kirista ya ji muryoyin nan biyu: fasto ya ce wa iyalin mamaci ɗan'uwansu ya tafi gida yana hutawa wurin Ubangiji, kafin a gama zuba ƙasa kuma ya karanta musu cewa wannan jikin da aka rufe zai tashi. Ikilisiya ta rayu da maganganun biyu sama da shekara 1,000 ba tare da ta yanke hukunci a kan tsakaninsu ba.

Wa'azin da ya tada ƙura

Ranar 1 ga Nuwamba 1331, ranar idin dukan tsarkaka, Paparoma Yohanna na 22 ya hau mumbari a Avignon da ke kudancin Faransa ta yau, inda fadar paparoma take a lokacin. Ya haura shekara 80. Ya ɗauko sura ta 6 ta Wahayin Yahaya, wadda ta nuna rayukan shahidai a ƙarƙashin bagade suna roƙon a saka musu, aka ce su ƙara jira. Ya fassara bagaden da mutuntakar Almasihu. A fahimtarsa, tsarkaka yanzu suna cikin salama a inuwar Almasihu mutum, amma ganin zatin Allah sai bayan tashin matattu da shari'ar ƙarshe. Hujjarsa mai sauƙi ce: wanda ya yi aiki shi ake biya, kuma mutum ne ya yi aikin, jiki da rai tare. Ba daga kansa ya ƙago wannan ba, domin ya jingina da wa'azozin Bernard na Clairvaux, wanda ya rasu a 1153.

Maganar ta taɓa ibadar talakawa kai tsaye. Mutanen wancan zamani suna roƙon tsarkaka su yi musu addu'a, kuma malamai sun koyar cewa tsarkakan suna sanin roƙon ne ta cikin ganin Allah da suke yi. In ba su fara ganinsa ba, ta ina suke jin kukan masu kiransu? Ita ma matar da ta biya a yi wa mijinta addu'a don ya fita daga wurin tsarkakewa, tana so ta san inda zai shiga in ya fita.

Martani bai jima ba. A Janairu 1333 Thomas Waleys, malami ɗan Ingila daga ƙungiyar Dominikan, ya yi wa'azi a Avignon yana sukar ra'ayin, aka kuwa tsare shi. A Disambar shekarar Sarki Filibus na 6 na Faransa ya tara malaman tauhidi na Jami'ar Paris a Vincennes, suka tsaya a kan cewa rayukan tsarkaka suna ganin Allah tun yanzu. Siyasa ta shigo ciki, domin William na Ockham da sauran 'yan Faransiskan da suka fake a wurin Sarki Ludwig na Bavaria sun riga sun ɓata da paparoman kan batun talaucin Almasihu, sai suka samu sabon makami. Yohanna ya yi ta nanata cewa ra'ayinsa ya faɗa a matsayin malami, bai kafa doka ba. Ranar 3 ga Disamba 1334 ya sassauto, ya amince cewa rayukan da aka tsarkake suna ganin zatin Allah gwargwadon yadda halin rai marar jiki ya ba da dama. Washegari ya rasu.

Hukuncin 1336 da giɓin da ya bari

Magajinsa Benedikt na 12 ya fitar da takardar hukunci mai suna Benedictus Deus ranar 29 ga Janairu 1336. Ta tabbatar cewa rayukan da ba su da sauran abin tsarkakewa suna shiga sama nan take, suna ganin zatin Allah ido da ido ba tare da wata halitta ta shiga tsakani ba, tun kafin su karɓi jikunansu. Ta ƙara da cewa duk da haka kowa zai bayyana da jikinsa a ranar shari'a. Majalisar Florence ta sake jaddada wannan a 1439.

Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne abin da jikin zai ƙara. Agustin ya riga ya taɓo matsalar a littafi na 12 na sharhinsa kan Farawa, inda ya ce rai yana da ɗabi'ar marmarin jikinsa, kuma wannan marmarin yana ɗan riƙe shi har sai ya samu jikin. Toma Akwinas, wanda Yohanna na 22 ne ya ayyana shi cikin tsarkaka a 1323, ya sauya ra'ayi a kan batun. A rubutunsa na ƙuruciya ya ce ni'imar tana ƙara ƙarfi bayan tashin matattu, amma a babban littafinsa na tauhidi ya ce faɗaɗa kawai take yi, ta malala zuwa jiki, ƙarfinta bai canja ba.

A ganina amsar Akwinas ta biyu ba ta ɗauki nauyin nassin ba. Bulus ya ce in matattu ba sa tashi to bangaskiyar banza ce, kuma a Romawa 8 ya haɗa fansar jiki da 'yantar da halitta baki ɗaya. Wahayin Yahaya 21 ya nuna Sabuwar Urushalima tana saukowa daga sama zuwa sabuwar duniya, da ganuwa da ƙofofi 12, al'ummai na shigo da darajarsu cikinta. Da wuya a ce duk wannan ƙari ne kawai a kan ni'imar da ta riga ta cika. Yohanna ya yi kuskure da ya jinkirta ganin Allah, domin alkawarin Luka 23 bai ba da wannan dama ba. Sai dai damuwar da ta kai shi ga kuskuren halastacciya ce, kuma waɗanda suka kayar da shi ba su amsa ta ba.

Furotesta sun gaji tambayar yadda take. Luta ya sha kwatanta halin matattu da barci. Kalbin ya rubuta littafin Psychopannychia a 1534 don rushe koyarwar barcin rai, aka buga shi a 1542. A littafi na 4 na babban aikinsa Institutes ya zargi Yohanna na 22 da koyar da cewa rai yana mutuwa tare da jiki, abin da paparoman bai koyar ba. Amma a littafi na 3, babi na 25, Kalbin da kansa ya ce rayukan masu bi suna hutawa tare da Almasihu cikin farin ciki, suna jiran cikakkiyar ɗaukakar da aka jinkirta har ranar bayyanarsa, matsayin da ya fi kusa da na mutumin da ya zarga fiye da na takardar 1336.