Lif Mai Waƙa a Gidan Ikon na Birmingham

Fasahar sauti, wato aikin da mai fasaha ke tsarawa domin kunne maimakon ido, ta daɗe tana neman gurbi a gidajen baje kolin da aka gina domin zane da sassaƙa, kuma gidan Ikon da ke yankin Ladywood na birnin Birmingham yana cikin waɗanda suka ba ta mazauni na dindindin. An kafa Ikon a 1964, ya fara baje koli a wata ƴar rumfar gilashi a kasuwar Bull Ring, kafin ya tare a tsohuwar makarantar Oozells Street, ginin jan bulo na 1877, a shekarar 1998.

A can ne mai fasaha Martin Creed, wanda ya lashe kyautar fasaha ta Turner a 2001, ya sanya aikinsa mai lamba 409 cikin lif, na'urar da ke hawa da mutane bene, inda muryoyin mawaƙa ke ƙara tsini idan ana hawa, su yi kauri idan ana sauka. Hikimar ita ce baƙon da ya danna maɓalli shi ke ƙayyade tsawon waƙar. Sai a 2010 aikin sauti zalla, na Susan Philipsz, ya ci kyautar Turner.