Daga Dupont zuwa Rano: Yadda Sunan Wuri Ke Zama Sunan Zuriya

Duk matafiyin da ke bin manyan titunan Arewa ya saba ganin allon gidajen man A.A. Rano. Haka nan mai bibiyar siyasar Kano ya san Kabiru Alhassan Rurum, wanda aka zaɓa ya wakilci Rano da Bunkure da Kibiya a Majalisar Wakilai a 2019. Rano ba sunan mahaifi ba ne, Rurum ma gari ne a ƙasar Rano. Yadda sunan gari ya koma sunan mutum yana da tarihi, kuma Faransa ta riga mu bin wannan hanya da ƙarnuka.

A can, sunayen zuriya sun yaɗu ne wajen ƙarni na 12 da na 13, lokacin da jama'a ta yawaita, sunan yanka ɗaya ya kasa rarrabe mutane. Sai aka riƙa ƙara wa mutum sunan ubansa, ko sana'arsa, ko mazauninsa. Martin, wanda ya fi kowane yawa a ƙasar, asalinsa sunan yanka ne. Lefebvre maƙeri ne, Dubois mutumin bakin daji, Dupont kuwa na bakin gada. Laƙabi ne da ke iya mutuwa tare da mai shi, har hukuma ta sa hannu. A 1539 dokar sarki ta wajabta wa limaman coci rubuta jariran da aka yi wa baftisma, sannan a 1794 gwamnatin juyin juya hali ta hana kowa amsa wani suna da ba na takardar haihuwarsa ba. Yau ana samun Dupont da bai taɓa zama kusa da gada ba.

Bahaushe ma ya daɗe da irin waɗannan laƙubba: Audu Maƙeri, Garba Mai Goro, Ɗan Rano. Malamai kuma suna jingina kansu ga garuruwansu da Larabci, kamar Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafin nan da ya rasu a Alƙahira a 1741. Sai dai ba a gadon waɗannan sunaye. Asalin mutum yana cikin tsagar fuskarsa, da unguwarsu, da kirarin gidansu. Rano kanta, ɗaya daga Hausa Bakwai, da kirari take adana asalinta: har gobe Autan Bawo ake ce wa sarkinta.

Rajistar makarantar boko ce ta sauya lamarin. Aji guda kan tara Muhammadu da Abubakar barkatai, daga garuruwa daban-daban, ga kuma kunyar da ke hana ɗa ambaton sunan mahaifinsa a bainar jama'a. Sunan gari ya warware matsalolin biyu lokaci guda. Ta haka aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shehu Shagari. Sardauna ma Ahmadu Raba ne a Kwalejin Katsina, daga baya ya koma Ahmadu Bello, ya jingina kansa ga kakan mahaifinsa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Sunan farko ya faɗi inda ya fito, na biyu ya faɗi waɗanda ya fito daga tsatsonsu.

Wannan bambanci shi ne tarkon mai binciken tarihin gidansu. Mutum biyu masu amsa Kibiya ba lallai ne jini ya haɗa su ba: ɗaya yana iya zama ɗan gidan sarauta, ɗayan jikan baƙon da fatauci ya kawo. Wa da ƙane kuma suna iya rabuwa, wannan ya ɗauki sunan gari, wancan na uba. Gidan Ɗantata na cikin ƙalilan da laƙabinsu ya zama gado tun da wuri. Alhassan, wanda aka haifa a Bebeji, maƙwabciyar Rano, ya kuma rasu a 1955, ya samo shi ne daga Tata, matar da ta raine shi. A Nijar kuwa, inda alƙalamin Faransa ya rubuta rajista, sunan uba aka fi riƙewa, Yusufu ya koma Issoufou, Usman ya koma Ousmane.

Yanzu Arewa ta iso gaɓar da Faransa ta wuce a 1794. Lambar banki ta BVN, wadda aka fara a 2014, da lambar ɗan ƙasa ta NIN da fasfo duk suna neman suna guda da ba ya canzawa. Wanda takardar makarantarsa ke ɗauke da Rano, katinsa kuma ke ɗauke da sunan mahaifinsa, yakan sha zirga-zirgar rantsuwar kotu kafin ya karɓi fansho. Abin da ya fi haka nauyi shi ne, sunan da aka cike a fom yau shi jikoki za su gada. Yaron da aka haifa a Abuja zai amsa Kibiya, alhali bai san unguwar kakansa ba.

Na'ura za ta riƙe sunan, amma ba za ta riƙe labarinsa ba. Jerin kakanni, da sana'ar gida, da garin da aka baro kafin a sauka Rano, duk suna bakin dattawa ne. Gidan da bai rubuta su ba tun masu sani na raye, sunan gari kaɗai zai bar wa na baya.