SASSAƘA A ƘASARMU TA SAFO, JIYA DA YAU



Da yawa cikinku kun sha iske ni da marece, bayan an tashi daga lakwal, ina zaune gindin bedi da 'yar wuƙa da guntun icce ina fiƙe-fiƙe. Wasu su yi dariya, su ce mushe ya rasa aikin yi. Rannan wani dattijo ya tsaya, ya karɓi koshiyar da nake sassaƙawa, ya jujjuya ta, ya ce: “Ɗana, hannunka ba laifi, amma faɗa kake yi da icce. Ba ka san shi ba.” Ya yi gaskiya. A makarantar horon malamai mun hardace sunayen itatuwan Turai da faransanci, amma in an ajiye mani tsagin danya da na ƙirya ba ganye, ba ni iya bambanta su. Kunyar wannan magana ce ta sa na shiga tambaya da karatu. Zan fara da dajin da, sannan ƙarfen da ake sarar shi, sannan abin da ya same su, in ƙare da zancen wuƙa da roƙo ga ƙungiya.

I. ZAMANIN DA DAJI YA FI MUTANE YAWA

Kun san wajen 1807 masu jihadi sunka ci Birnin Katsina, sarakunan Haɓe sunka yo arewa. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafa sarautarshi a Maradi, cikin fadamar Gulbin nan namu. Daga nan har ƙarshen ƙarni na 19 ba a daina kai ma juna hari ba tsakanin Maradi da Katsina, musamman zamanin Ɗan Baskore. Saboda haka mutane sunka taru cikin fadama, garuruwa kusa da juna, kowane da kafi ko ganuwa, anka bar jigawa da ƙasar da ke kudu da mu ba mai noma ta. Bature Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya bi hanyar Gazawa zuwa Katsina a farkon 1851, ya rubuta yadda ayarinsu ya ratsa daji mai ban tsoro inda da garuruwa ne. Dajin Baban Rafi na yau saura ne na irin wannan daji.

Yaƙi masifa ne ga mutane, amma ya tsare itatuwa. Masassaƙin wancan zamani yana da zaɓi, kuma kowane aiki da iccen shi. Ƙirya, mai tauri da nauyi, wadda gara ba ta cika damunta ba, ita ce ta turmi da taɓarya. Danya ta fi taushi, ita ce ta akushi. Aduwa, mai laushin fuska, ita ce ta allon almajirai. Marke na ƙotar gatari da ta hauya da ginshiƙin ɗaki. Dashi, marar nauyi, na koshiya da ƙananan kaya. Ban da waɗannan akwai kujerar mata, muciya, komin shayar da dabbobi, gangar makaɗa da iccen sirdin mahaya. In ka cire masassaƙi daga gari, mata ba su daka, manomi ba shi da ƙota, malam ba shi da allo, barde ba shi da sirdi.

Sassaƙa gado ce, kamar ƙira da rini da farauta. Guy Nicolas, Bafaranshen da ya daɗe yana bincike cikin fadamar Maradi, ya nuna a littafinshi na 1975 yadda dangogin Anna ke riƙe da sana'o'i, kowane dangi da nashi gado. Yaro ba shi fara turmi. Sai ya fara da ɗaukar kaya, ya koyi washi, ya yi muciya da ƙota, hannu ya faɗa, kana a ba shi gungume.

II. MAƘERI DA MASASSAƘI

Kayan aikin masassaƙi ba su da yawa. Gatari na kada icce da datsa shi. Gizago na fidda siffa. Kurfi na rarake cikin turmi da akushi. Wuƙa ta ƙarshe ce, ita ke kankarewa da gyara baki. Sannan akwai ƙarfen da ake sawa wuta a huda icce ko a yi mashi zane. Baƙin akushi ma daga wuta ne: a ƙona fuskarshi, a shafe da mai.

Dukan wannan ƙarfe daga hannun maƙeri yake fitowa. Kafin zuwan ƙarfen Turai, maƙera ke haƙo tama su narka ta da gawayi, kuma gawayin ƙirya ne sunka fi so, don yana da zafi kuma yana daɗewa. Ku dubi yadda abin yake a ɗaure: ƙirya ta ba maƙeri gawayi, maƙeri ya ba masassaƙi gizago, masassaƙi ya ba maƙeri ƙota, duka biyun su koma ga ƙirya. Icce guda ke ciyar da sana'a biyu.

Cikin ƙarni na 20 narka tama ta mutu, don ƙarfe ya samu a banza: tsofaffin motoci, ganguna, da faifan ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a ƙarƙashi, wanda maƙera sunka gane yana riƙe kaifi ƙwarai. A wannan ƙarni ne kuma wuƙaƙen aljihu masu naɗewa sunka shigo kasuwannin Afirka. Okapi an fara yin ta a Solingen ta Jamus a 1902, don a sayar a ƙasashen da Turawa ke mulka, a 1988 anka maida aikin Afirka ta Kudu. Douk-Douk an fito da ita a Thiers ta Faransa a 1929, ta yaɗu a ƙasashen da ke ƙarƙashin Faransa. Opinel kuwa tun 1890 ake yin ta a Savoie, a 1955 anka ƙara mata zoben da ke kulle ruwanta. Waɗannan wuƙaƙe ba su ture gizago ba, amma sun sa wanda bai gaji sassaƙa ba ya samu abin fiƙe-fiƙe cikin aljihu.

III. YADDA DAJI YA JA DA BAYA

Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1904 da ta 1906 ta ja iyaka, Maradi ta faɗa hannun Faransa, Katsina hannun Ingila. Hare-hare sunka ƙare. Mutane sunka fita daga fadama, sunka hau jigawa suna sassabe suna kafa ƙauyuka. Haraji na kuɗi ya zo, noman gyaɗa ya bunƙasa, gonaki sunka ci daji. Bayan ambaliyar 1945 anka maida garin Maradi bisa tudu, ya yi ta girma, buƙatar iccen wuta da na gini ta yi ta ƙaruwa, kuma daga ƙauyukanmu ake kai mashi.

Gwamnati ta nemi tsare icce da doka. Turawa sun yi tasu a 1935. Bayan samun 'yanci, dokar gandun daji ta 4 ga Maris 1974 ta ware itatuwa 15 da ba a sara sai da izini. Cikinsu akwai gawo, danya, aduwa, tsamiya, ɗorawa, kuka, maɗaci, giginya da goriba. Ku lura, manyan itatuwan masassaƙi suna ciki. Niyyar doka mai kyau ce, amma a idon talaka icce ya zama na hukuma ko da cikin gonarshi ya tsiro. Manomi ya ga tsiro, ya ce wannan tara ce ke girma, ya sa hauya. Masassaƙi kuma ya koma sai ya nemi takarda, ko ya yi sara a ɓoye.

Fari ya ƙara ma Barno dawaki, na 1973 zuwa 1974, sannan na 1984. Itatuwa da yawa sunka bushe a tsaye, waɗanda sunka rage anka sare don a sayi hatsi. A gefe guda kwanon sha da tasa da roba sunka kori akushi daga tsakar gida. Akushin kakata yana nan ɗakinmu, ba mai cin tuwo cikinshi, kaji ake zuba ma tsaba.

Amma labarin bai tsaya nan ba. Daga 1975 an haɗa ranar 3 ga Agusta da dashen itatuwa. A watan Mayu 1984, zamanin Seyni Kountché, an yi babban taron ƙasa kan hamada a nan Maradi. Tun 1983 kuma Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da mishan ta SIM a Maradi, ya lura cewa ƙananan ƙirarruwan da ke cikin gonaki tohon kututturan tsofaffin itatuwa ne, saiwarsu na nan da rai. In manomi ya zaɓi reshe biyu ko uku ya rage sauran, icce zai tashi. Shi ne abin da muke kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya wajen hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a Nijar, itatuwa kamar miliyan 200, akasari a jihohin Maradi da Damagaram. Dokar gandun daji ta 2004 ta maye gurbin ta 1974, a 2020 kuma anka fidda wata da ta amince manomi na da haƙƙi kan iccen da ya raina a gonarshi.

Ga inda gizo ke saƙa. Abin da ya fi dawowa shi ne mai saurin toho: gawo, kalgo, sabara, geza. Ƙirya tana da jinkiri, wadda za ta yi turmi sai ta shekara da yawa. Kuma ko ta dawo, wa zai sassaƙa ta? Dattawan da sunka san icce suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, ɗiyansu suna kabu-kabu ko suna bida a Najeriya. Kututture na jira cikin ƙasa shekaru ya toho. Sani ba shi yin haka: in anka rufe mai shi, an rufe da shi.

IV. WACE WUƘA?

Ban ce kowa ya zama masassaƙi ba. Amma yaranmu suna fiƙe-fiƙe ko mun so ko mun ƙi: motar kara, gwafar danƙo, 'ya'yan dara, alƙalamin allo. Galibi da tsohuwar reza suke yi, wadda ba ta da mariƙi. Gara mu koya masu da kyau. Ga abin da na koya, wani daga dattawa, wani daga tabon da ke babban yatsana, ranar da wata wuƙa mai naɗewa ta rufe bisa hannuna.

1. Ruwan wuƙa ya zama gajere, kamar tsawon ɗan yatsa, santimita 4 zuwa 6. Doguwar wuƙa ta fawa ce, tsininta ya yi nisa da hannu.

2. Ƙota ta cika tafi, kada ta yi santsi, kada ruwa ya yi motsi cikinta.

3. Baƙin ƙarfe mai yin tsatsa ya fi sauƙin washi a dutsenmu, kaifinshi ya fi na yawancin farare masu walƙiya na kasuwa. A goge shi, a shafa mai.

4. Ga mai koyo, wuƙa marar naɗewa mai kube ta fi aminci. In mai naɗewa ce, ta zama mai makulli. Maƙerin gari zai ƙera maka daidai hannunka, ya kuma gyara ta in ta lalace.

5. Dakusasshiyar wuƙa ta fi yanka mutum, don sai an danna ta da ƙarfi, ta zame. A wasa kafin aiki.

6. A yanka zuwa waje, ba zuwa jiki ba, kaɗan-kaɗan, a bi tsawon icce. In ya fara tsagewa, juya shi. Abin da dattijon nan ke nufi ke nan da faɗa da icce.

7. Ɗanyen icce ya fi taushi. A shanya abin da anka sassaƙa a inuwa, rana tana tsaga shi. A koya da rassan bedi da na dashi da anka rage, kada a taɓa icce mai rai don wasa.

ROƘO

Ina roƙon ƙungiya abu uku a taronmu mai zuwa. Na ɗaya, kowane mai gona ya bar tohon ƙirya, danya da aduwa lokacin sassabe, ko da guda biyu ne, ya nuna ma ɗiyanshi. Na biyu, mu nemi yardar iyaye da ta shugabannin lakwal, mu gayyato dattawan masassaƙa da maƙera su zauna da manyan yara, ko sau ɗaya a wata, ƙungiya ta ba su goro. Na uku, duk mai tsohon akushi, gizago ko kurfi da ba a aiki da shi, kada ya sayar ma 'yan gwangwan. Ya kawo mu ajiye, mu rubuta iccen da anka yi shi da shi, da gidan da ya fito.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya ga kuskure a abin da na rubuta, musamman iyayenmu masu gado, ya same ni gindin bedi ya gyara mani, in kawo gyaran a fitowa ta gaba. Allah ya ba mu damana mai albarka. Wassalam.

Ɗan uwanku, malamin firamare, Safo.